Bulo ɗaya, matsi uku: me ya sa ɗalibai ke rikita nauyi da matsi?

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Ina son mu tattauna darasin matsin da abu mai tauri ke yi a kan wurin da ya zauna. Ƙa'idarsa layi ɗaya ce: matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ƙarfin ya sauka, wato P = F/A. Yara nan take suke haddace ta. Amma ka kwantar da bulo a kan yashi, sannan ka tsayar da shi a kan ƙaramin gefensa, ka tambaye su me ya sa ya fi nutsewa a tsaye, da yawansu za su ce maka ai nauyi ya ƙara. Duk yaron da ya ba da wannan amsar, ko da ya ci lissafin a jarrabawa, darasin bai shige shi ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ni dai a ganina bai kamata a rubuta ƙa'idar a allo ba sai yaro ya taɓa abin da hannunsa. Me kuke gani?

Ɗan Aji Huɗu:
Wa alaikumus salam Malama. To in ba nauyi ya ƙara ba, me ya ƙaru? Na ga idan aka tsayar da shi duk nauyin yana haɗuwa wuri guda.

Malama Mai Alli:
Ɗana, rabin amsar na bakinka. Haɗuwa wuri guda daban, ƙaruwa daban. Ɗora bulon a kan sikeli a kwance ka karanta, ka tsayar da shi ka sake karantawa. Allurar ba za ta motsa daga inda take ba. Kai kanka hau sikeli da ƙafa biyu, sannan ka ɗaga ɗaya, lambar tana nan. Abin da ya canza shi ne rabon da kowane ɗan yanki na ƙasa ya samu daga wannan nauyin. A kwance, yankuna da yawa ne suka raba kayan, kowanne ya ɗauki kaɗan. A tsaye, 'yan kaɗan ne aka bar wa kayan duka. Wannan rabon shi ne matsi.

Tsohon Malami:
Malama, na yarda da bayaninki amma ban yarda da tsarinki ba. Na daɗe ina duba takardun yara a wannan darasin, kuma inda suke faɗuwa ba a fahimta ba ne, a lissafi ne. Wurare biyu ne: su manta su mayar da kilogiram zuwa niyuton, wato ma'aunin ƙarfi, ko su kasa mayar da murabba'in santimita zuwa murabba'in mita. Lokacin aji kaɗan ne. Idan an ƙarar da shi wajen wasa da yashi, yaushe za a yi atisaye?

Bari in ba da misalin da nake so kowane ɗalibi ya iya yi ko daga barci aka tashe shi. Mu ce bulo mai kilogiram 2, tsawonsa santimita 20, faɗinsa 10, kaurinsa 5. Mu ɗauki ƙarfin jan ƙasa a matsayin niyuton 10 ga kowane kilogiram, kamar yadda ake yi a yawancin tambayoyi, duk da cewa ainihinsa kusan 9.8 ne. Nauyin bulon niyuton 20 kenan. Fuskokinsa iri uku ne. Babbar 20 sau 10, murabba'in santimita 200, wato 0.02 a murabba'in mita, matsi faskal 1,000 (faskal shi ne ma'aunin matsi). Ta tsakiya 20 sau 5, wato 0.01, matsi faskal 2,000. Ƙaramar 10 sau 5, wato 0.005, matsi faskal 4,000. Idan tambaya ta ce a nemo matsi mafi girma, ƙaramar fuska ake nufi. Idan ta ce mafi ƙanƙanta, babbar. Yaron da ya raba 200 da 100 maimakon 10,000 ya zubar da makinsa, komai yawan yashin da ya taɓa.

'Yar Aji Biyar:
Baba Malam, don Allah me ya sa 10,000? Ai santimita 100 ne a mita ɗaya.

Tsohon Malami:
'Yata, zana murabba'i mai mita ɗaya kowane gefe. Jera ƙananan murabba'ai masu santimita ɗaya a gefen ƙasa, 100 za su shiga. Irin wannan layin kuma sai kin yi guda 100 kafin ki cika shi har sama. 100 sau 100 nawa kenan? Faskal ɗaya kuwa niyuton ɗaya ne a kan murabba'in mita ɗaya, shi ya sa dole a mayar da komai mita kafin a raba. An ba ma'aunin sunan Blaise Pascal, masanin Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, kuma a 1971 aka shigar da shi tsarin ma'aunai na duniya.

Malama Mai Alli:
Malam, ka lura abin da ka yi yanzu? Ba ka ce mata ta haddace 10,000 ba, sa ta ka yi ta zana ta ƙirga. Abin da nake kira a kai kenan. Ban ce a bar lissafi ba. Cewa na yi yaron da ya ga bulon ya nutse sau uku da zurfi daban-daban, idan lissafi ya ba shi matsi mafi girma a babbar fuska, zai san da kansa cewa akwai gyara. Wanda haddar kawai ya yi ba shi da abin da zai auna amsarsa da shi. Gani ya kori ji. Kuma gwajin bai wuce 'yan mintoci ba.

Akwai ma wanda ya fi na yashi sauƙi. A ba yaro fensir mai tsini ya riƙe tsakanin yatsu biyu, tsinin a yatsa ɗaya, gindin a ɗayan, ya matsa a hankali. Tunda fensirin bai tafi ko'ina ba, ƙarfin da ke kan yatsun biyu daidai yake. Amma yatsa ɗaya ne zai yi zafi. Daga nan babu yaron da zai sake ce maka ƙarfi da matsi abu ɗaya ne.

Tsohon Malami:
Na fensir na karɓa, don ba ya cin lokaci, kuma ana iya bin sa da lissafi nan take. Ɗauki ƙusar maƙala takarda mai faffaɗan kai. Mu ce ka danna ta da niyuton 10, kanta kuma murabba'in santimita 1 ne. Matsin da ke kan babban yatsanka faskal 100,000 ne. Mu ce tsinin kashi ɗaya cikin goma na murabba'in milimita ne, to matsin da ke kan katako faskal 100,000,000 ne, ninki dubu. Shi ya sa take shiga katako ta bar yatsa lafiya. Wuƙa ma haka: wasa ta ba ya ƙara wa hannunka ƙarfi, rage faɗin bakin da ke taɓa abin yanka yake yi.

Injiniyan Gini:
Ku ba ni dama in shigo. Malam, ka duba lambobinka uku da kyau, akwai wani abu a ɓoye cikinsu. A kwance, tashin bulon daga ƙasa santimita 5 ne, matsi 1,000. A gefe, 10, matsi 2,000. A tsaye, 20, matsi 4,000. Matsin yana bin tsayi ne ƙafa da ƙafa. Dalili kuwa, nauyi shi ne dansiti (yawan kilogiram da ke cikin kowace kiyubik mita ta abu) sau girman abu sau ƙarfin jan ƙasa, girman kuma faɗin gindi ne sau tsayi. Idan ka raba da faɗin gindi, faɗin ya fita, ya bar maka dansiti sau ƙarfin jan ƙasa sau tsayi. Bulon nan girmansa kiyubik mita 0.001 ne, don haka dansitinsa kilogiram 2,000 ne a kowace kiyubik mita. 2,000 sau 10 sau 0.2 ya ba ka 4,000 cif.

'Yar Aji Biyar:
Yallaɓai, amma mu an koya mana wannan ƙa'idar ta ruwa ce kawai. An ce matsin ruwa ne ke bin zurfi, na abu mai tauri kuma yana bin faɗi.

Malamin Lissafi:
Gaskiyarta. Injiniya, zai fi kyau kada mu rikita yara. Littattafai sun raba darussan biyu ne da dalili. Abu mai tauri, ƙarfi a raba da faɗi. Ruwa, dansiti da zurfi. Idan ka haɗa musu, gobe za a ba su tebur mai ƙafa huɗu su ɗauki tsayinsa su ninka da dansitin katako.

Injiniyan Gini:
Tsoronka yana da tushe, Malam, amma maganinsa a faɗa musu iyakar abin, ba a ɓoye musu ba. Ƙa'idar tsayi tana aiki ne ga abin da jikinsa iri ɗaya ne ko'ina, gefunansa a miƙe daga ƙasa har sama, kuma ya zauna da gindinsa duka: bulo, ginshiƙi, sandar ƙarfe a tsaye. Tebur bai cika sharaɗin ba. Mazugi ma bai cika ba, domin girmansa kashi ɗaya cikin uku ne na ginshiƙin da ke da gindi da tsayi irin nasa, don haka matsakaicin matsinsa a gindi kashi ɗaya cikin uku ne. Ainihin bambancin ruwa da abu mai tauri yana wani wuri: ruwa yana matsa ƙasa da gefe da sama, ko'ina ya taɓa, bulo kuwa ƙasan da ya zauna a kai kaɗai yake dannawa. Ka jingina hannunka a gefen bulo, ba zai ture ka ba.

Ina nacewa a kan wannan ne saboda yana buɗe wata ƙofa mai daɗi. Ginshiƙai biyu na kankare, tsayinsu ɗaya, ɗaya siriri ɗaya ƙato. Ƙaton ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma matsin da suke yi a ƙasa daidai yake. Ka tambayi aji wannan ka ga yadda za su rabu gida biyu.

Malamin Lissafi:
To da sharaɗin na yarda, amma bayan sun ƙware a ta farkon. Kuma tunda ka buɗe ƙofar, ga abin da ke bayanta. Idan ka ninka tsawo da faɗi da kaurin abu duka sau biyu, nauyinsa ya ninku sau takwas, faɗin gindinsa sau huɗu kawai. Matsi ya ninku sau biyu kenan. Galileo ya tattauna wannan tun 1638, yana bayanin abin da ya sa ba za a ƙara girman dabba ko gini yadda aka ga dama ba, siffarsa tana nan yadda take. Shi ya sa ƙafar giwa take da kauri haka idan aka gwada da jikinta, ta ƙwaro kuwa siririya.

Injiniyan Gini:
Aikinmu kenan kullum. Kowace irin ƙasa tana da iyakar matsin da za ta ɗauka kafin ta lotsa. Dutse yana ɗaukar mai yawa, laka mai laushi kaɗan. Nauyin ginin ba za ka iya rage shi sosai ba, abin da ke hannunka shi ne faɗin tushe. Shi ya sa tushe yake fin bango faɗi, a ƙasa mai laushi kuma wani lokaci a zuba faifan kankare guda ɗaya a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya. Hasumiyar Pisa da ke Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta fara karkata tun ana cikin aikinta, saboda tushenta ba shi da zurfi kuma ƙasar da ke ƙarƙashinta mai laushi ce, gefe ɗaya ya fi ɗayan lotsawa. Gungumen da ake jerawa a ƙarƙashin layin dogo ma aikinsu kenan, su baza nauyin jirgi a kan tsakuwa. Tankar yaƙi da katafila kuma, sarƙar da suke tafiya a kai ce ke hana su nutsewa inda ƙaramar mota za ta kafe.

Bakanike:
Ni ba malami ba ne amma wannan na san shi a hannu. Idan mota ta shiga rairayi, ana rage iskar taya don ta baje, sai ta daina nutsewa. Abin da nake son sani, akwai yadda za a lissafa faɗin tayar da ke taɓa ƙasa?

Tsohon Malami:
Akwai, Malam Bakanike, a ƙiyasce. Iskar da ke cikin taya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin, don haka faɗin da ke taɓa ƙasa kusan nauyin mota ne a raba da matsin iskar. Mu ce mota mai kilogiram 1,200, wato niyuton 12,000, iskar tayoyinta kuma faskal 200,000. Rabawa ya ba da murabba'in mita 0.06, kowace taya murabba'in santimita 150, kusan tafin hannun babban mutum. Ka rage iskar zuwa rabi, faɗin ya kusa ninkuwa. Na ce a ƙiyasce don jikin tayar ma yana da tauri, yana ɗaukar wani kaso. Raƙumi kuma haka aka halicce shi, tafin ƙafarsa yana bajewa da zarar ya taka.

Ɗan Aji Huɗu:
To Baba Malam, idan matsi ya fi yawa a tsaye, jan bulon a ƙasa zai fi wuya a tsaye kenan?

Bakanike:
Ni kuma a sanina akasin haka ne. Faffaɗar taya ta fi kama titi, don haka a kwance zai fi wuyar ja.

Malama Mai Alli:
Ga wurin da nake so aji ya tsaya ya yi gardama kafin a gwada. Ku ɗaura wa bulon zare da ma'aunin sifirin ku ja shi a kan katako, a kwance da kuma a gefe. Idan fuskokin santsinsu ɗaya, ma'aunin zai nuna kusan abu guda. Ƙarfin gogayya tsakanin busassun abubuwa masu tauri yana bin ƙarfin da ke danna su ne, bai damu da faɗin da ido ke gani ba. Guillaume Amontons ya gabatar da wannan a Faransa a 1699, kuma Leonardo da Vinci ya riga shi lura da hakan a rubuce-rubucensa.

Dalilin yana da kyau a sani. Babu fuskar da take sumul da gaske. Idan aka duba da madubin ƙara girma, tudu da kwari ne, kuma kawunan tuddan ne kawai ke haɗuwa. A kwance, kawuna da yawa ne ke taɓawa, kowanne sama-sama. A tsaye, kaɗan ne, amma matsi ya lotsa su sun baje. Jimillar wurin da ke taɓawa da gaske sai ta zo kusan ɗaya. Wannan kuma yana nuna mana cewa faɗin da muke sakawa a lissafin aji matsakaicin matsi yake ba mu, a kan kawunan nan matsin ya fi haka nesa.

Bakanike:
Malama, to me ya sa motocin tsere ke sa faffaɗan tayoyi? Da babu amfani da ba su sa ba.

Injiniyan Gini:
Abin da ka gani gaskiya ne, abin da Malama ta faɗa ma gaskiya ne. Roba ba ta bin wannan dokar sau da ƙafa kamar katako ko ƙarfe. Tana lanƙwasa ta shiga ramukan titi, tana ɗan mannewa, kuma kamunta yana raguwa kaɗan idan matsi ya yi yawa. Faffaɗar taya tana rage matsin, tana baza zafi, tana ba da damar amfani da roba mai laushi ba tare da ta cinye da wuri ba. Dokar Amontons ƙiyasi ce mai kyau ga busassun abubuwa masu tauri, kuma a nan ya kamata a tsayar da ita a aji.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina bin ku tun ɗazu. Ina roƙon malamai su riƙa ambaton wannan a aji, don wata rana zai yi wa yaro amfani a kan wani nasa. Marar lafiyar da ya daɗe kwance ba ya iya juyawa, nauyinsa yana sauka ne a wuraren da ƙashi ya turo: dunduniya, ƙugu, ƙashin gindi, kafaɗa, ƙeya. Wuraren ƙanana ne, matsi ya yi yawa, ya danne ƙananan hanyoyin jini, fata ta rasa jini ta fara mutuwa, sai gyambo. Shi ya sa muke juya su akai-akai, muke sa matashi da katifa mai bin siffar jiki don nauyin ya bazu. Wannan darasin da ake ganin ƙarami ne, mu da shi muke aiki dare da rana.

Malama Mai Alli:
Allah ya saka da alheri, 'yar'uwa, zan saka shi cikin darasina. Akwai aikin gida da ke tafiya da shi. Yaro ya taka takardar giraf ya zagaye tafin ƙafarsa da fensir, ya ƙirga gidajen, duk gidan da ya wuce rabi a ƙirga shi ɗaya. Mu ce yaro mai kilogiram 50, ƙafa ɗaya ta ba shi murabba'in santimita 150. A ƙafa biyu matsinsa kusan faskal 16,700 ne, a ƙafa ɗaya kusan 33,300. Sannan a faɗa masa cewa iskar da ke kewaye da mu tana matsa komai da faskal 101,325 a daidai bakin teku. Mamakin da yake yi a nan shi ne ƙofar darasi na gaba.

Malamin Lissafi:
Ƙari ɗaya ga manyan aji. Ƙarfin da ake sakawa a ƙa'idar shi ne wanda ya sauka a kan fuskar a tsaye cak. A kan gangare ba nauyin duka ke dannawa ba, sai an ninka shi da kosain na kusurwar gangaren. A digiri 60 rabi ne ya rage, don haka bulonmu a kwance faskal 500 zai yi maimakon 1,000, muddin yana zaune a kan fuskar.

Tsohon Malami:
Har yanzu ina kan bakana cewa atisaye ne ke kai yaro ga maki, amma fensir da takardar giraf sun shiga jakata. Ɗalibai, ga naku. Tebur mai kilogiram 40, ƙafafunsa huɗu, gindin kowace santimita 5 sau 5. Samansa mita 1 sau mita 0.8. Nawa ne matsinsa a tsaye, nawa ne idan an kifa shi?

'Yar Aji Biyar:
Nauyi niyuton 400. Ƙafa ɗaya murabba'in santimita 25, huɗu 100, wato murabba'in mita 0.01. A tsaye faskal 40,000. A kife faɗin 0.8 ne, matsi faskal 500. Ninki 80 ne tsakaninsu, Baba Malam.

Tsohon Malami:
Madalla, 'yata, ba ki manta da ƙafafu huɗun ba, kuma nan ne da yawa ke zamewa.

Ɗan Aji Huɗu:
Ni ma haka na samu. Amma idan aka ɗora kaya mai nauyi a kusurwa ɗaya ta teburin, har yanzu za a raba da huɗu daidai?

Injiniyan Gini:
A'a, ƙanena. Ƙafar da ke kusa da kayan ita za ta ɗauki kaso mafi yawa, matsinta ya fi na sauran, ko da yake jimillar ƙarfin ƙafafun huɗu tana nan daidai da nauyin tebur da kayan. Don sanin rabon kowace sai kun kai darasin juyi da daidaito. Kafin nan, sa sikeli a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ka tallafe sauran ukun da katako mai kauri daidai da sikelin, ka riƙa matsar da kayan daga kusurwa zuwa kusurwa kana rubuta abin da ya nuna. Ka kawo mana lambobin mu duba tare.